Hannu a Kafaɗata

Abin da na ɗora a kan wannan tafiya ba shi da yawa, yatsun hannu ɗaya sun isa lissafa shi. Akwai kwana talatin da uku da ba ni da wurin kwana a Doha. Akwai jakar goyo guda ɗaya. Akwai ɗan shago a Sana'iyya, unguwar garejoji, wanda kafil ɗinmu, Balaraben da ke tsaya mana a takardu, ya yarda zai sa mana hannu a kansa da zarar an gama gasar cin kofin duniya, bisa sharaɗin mu biyu ne a ciki. Sai mutumin da ya cika mu biyun: makaniki, haifaffen Zangon Kumasi a Ghana, wanda muka shekara biyar ni ina sayo mataccen babur shi yana tayar da shi. Kwanakin da jakar ba su dame ni ba. Shagon nake so, shagon kuwa ba ya tsayuwa sai da mutumin.

Gadi ne ya kawo ni Doha. Na yi shekara biyu a ƙofar wani bene ina ɗaga wa motoci shinge, kuma a nan na lura da masu kai abinci a babur, yadda suke zuwa birki yana kuka, madubi ɗaure da salatif, suna tsoron kai wa kamfani gyara kada a zaftare musu albashi. Na fara sayar musu da madubi da igiyar kuloci daga cikin jakata. Daga nan na koma sayen baburan da kamfanoni suka gaji da su, in kwance na kwancewa, in sayar da mai tashi. Ni ban iya gyara ba, kunne gare ni da baki. In na ji kukan inji na san kwanan da ya rage masa, in na zauna da mai shi na san inda zai sauko. Hannun na abokina ne. Injiniya nake ce masa, shi kuma yana ce mini Alaji tun ban je Makka ba. Ya girme ni da shekara shida. Da rana yana kai abinci kamar sauran, da ya tashi sai ya zo wani fili da muke ajiye kaya ya tsuguna, baƙin mai har gwiwar hannu.

Da korona ta zo aka kulle gari, kowa ya zauna a ɗaki in ban da masu kai abinci. Kasuwarmu ba ta taɓa buɗewa kamar lokacin ba, kuma a lokacin ne wata mota ta ɗebe shi a shataletale, da shinkafar wani a akwatin bayansa. Aka sa masa ƙarfe a ƙafar dama aka sallamo shi. Mu shida ne a ɗaki ɗaya a Bin Mahmud, hawa na uku, banɗaki can ƙarshen baranda. Sauran huɗun suna tsoron taɓa duk wanda ya fito daga asibiti. Ni na riƙa goya shi zuwa banɗakin in dawo da shi, sau huɗu sau biyar a yini, kusan wata uku. Ban ɗauki hakan wani abin kirki ba. Da hannunsa nake ci, dole in kula da sauran jikin.

A kwancen nan ya kamu da kallon Turawa a waya, irin waɗanda ke saɓa jaka ɗaya su hau babur su yi ta zagaya tsibirai.

"Alaji, zo ka gani. Mutumin nan tun safe yake tuƙi, kuma babu wanda ke jiran sa da yunwa."

"Ko mahaukaci ne, ko ubansa na da kuɗi."

"Ni dai ina so in hau babur sau ɗaya babu akwati a bayana. Ka ce za mu je."

Na ce za mu je, don ya ƙyale ni.

Shekara biyu bayan haka gasar ta matso, mai benen da muke haya ya liƙa takarda a ƙofa: kowa ya kwashe kayansa, za a yi fenti a ba baƙi masu zuwa kallon ƙwallo, mai so ya dawo bayan an tashi. Filin da muke ajiye babura ma aka ce a share shi. Muka tura kayanmu cikin wata kwantena a bayan gari. 'Yan ɗakinmu suka fara watsewa, wasu Madinat Khalifa wajen 'yan garinsu, tabarma a ƙasa. Injiniya ya dogaro sandarsa ya tsaya a kaina.

"Alkawari ya zo, Alaji."

"Ghana za ta buga ƙwallo a garin da kake zaune, ka ce tafiya za ka yi?"

"Da wace ƙafar zan shiga wannan turmutsitsin? A talabijin zan gani, ko ina nan ko ina can. Kai kam ma ba ka da abin kallo, mun riga mun zaunar da ku a gida."

Wannan maganar ya yi mini ita ta fi sau ɗari tun da suka fitar da Najeriya.

Na zauna na auna. Ko in yi wata guda a ƙasan ɗakin wani, babu ciniki, gari ya yi tsada. Ko in cika alkawari, mu shiga shagon mutum yana jin na yi masa wani abu. Na zaɓi Zanzibar saboda Musulmi ne, ba sai na tambayi wa ya yanka ba, kuma jirgi ɗaya ne daga Doha. Wani dattijon direba ɗan Sakkwato da ke ɗakinmu ya gan mu muna cusa kaya a jaka.

"Umra za a je?"

"A'a, Baba."

"Gida?"

"Zagayawa za mu yi, mu ga wuri."

"Wa kuke da shi a can?"

"Babu kowa."

"To, Allah ya shirya. Mutum ya bar uwa da mata ya haye teku neman abinci, wannan an san shi. Naku kuwa ban san sunansa ba." Ko sallahu babu wanda ya ba mu, don babu mai kowa a can. Ban taɓa tashi daga Doha da jaka mara nauyi haka ba.

Akwai abin da Injiniya bai sani ba, babu kuma wanda ya sani a Doha. Kowa ya ɗauka kayan babur nake sayarwa a gida tun asali, don haka na faɗa musu. Gaskiyar ita ce shekara bakwai na yi ina acaɓa a Kano, har ranar da aka hana. Rana da hayaƙi na jure su. Abin da ya tsaya mini a wuya hannun fasinja ne. Mutum ya hau bayanka, bai san sunanka ba kuma ba ya bukata. In yana son ka tsaya sai ya bugi kafaɗarka da yatsu biyu, in kwana yake so ya dangwale ka ta gefen, yadda ake yi wa jaki. Wanda ka haife shi ma haka zai yi maka. Ranar da na sayar da babur ɗina na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara ɗaukar ɗan Adam a bayana ba, kuma na riƙe shi shekara tara. Ko gwaji zan yi wa mai saye, ni kaɗai nake zagayawa in dawo.

Da muka sauka ba mu karɓi babur haya ba. Na ga irin abin da suke ba Turawa da farashin da suke faɗa, raina ya ɓaci a matsayina na ɗan sana'a. Muka yi kwana biyu a birnin muna bin garejojin bayan kasuwa, da guntun Larabcin Doha da nuni da hannu, har na samu dillali irina. Muka shirya in saya, in na dawo da shi lafiya ya karɓi abinsa da ragi. Injin ya yi mini daɗin ji. Injiniya ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ya ce gishiri ya ci salansa amma ƙashin jikin lafiya lau. Guda ɗaya muka ɗauka. Ƙafarsa ba ta taka birki, ba ta tare babur in ya karkata, wannan na sani tun a Doha. Na san ni zan tuƙa yana baya. Na ce wa kaina ai wannan daban ne, aboki ne, yawo ne. Na ɗaure jakunkunan biyu da roba a kariya, ƙarfen ɗora kaya na baya, ya soke sandarsa a gefe, muka fita.

A can ta hagu ake bi. Shataletalen farko na shiga ta dama yadda jikina ya saba, sai ga motar haya maƙare da mutane ta nufo mu. Ya daki kafaɗata. "Hagu, Alaji, hagu!" Ya ceci ranmu, ban musa ba. Amma daga wannan lokacin hannunsa ya samu wurin zama.

Tsibirin ba shi da girma, mai gaggawa zai zagaye shi a kwana uku. Mu da ba mu da inda za mu koma, kowane ƙauye sai mu yi kwana biyu ko uku, mu kama ɗakin da ya fi araha, mu wanke riga ɗaya mu sa ɗayar. Mun fara da arewa, inda masassaƙa ke haɗa jirgin ruwa a kan yashi babu takarda babu awo. Mun ci shinkafa da ruwan kwakwa, da wata dabbar teku mai hannu takwas da na ga ana fyaɗa ta da dutse kafin a dafa. Shi ya ci, ni na tsame kifi. A tsakiyar tsibirin mun bi hanyar da ake shanya kanumfari a bakin kwalta, ƙamshin har cikin hular kwano. Ruwan sama yakan sauko kamar da bakin ƙwarya, kafin ka ciro leda ya ɗauke. Wuri ne mai kyau, na yarda. Ni dai rabin hankalina yana kan baburan garin, yadda tsatsa ke cin su daga ƙasa alhali injin da sauransa, akasin na Doha da zafi ke kashe injin jiki yana sheƙi. Ɗaya rabin kuma yana kan kafaɗata.

In ya ga mai sayar da kwakwa, yatsu biyu. In ya ga kwale-kwale yana son hoto, yatsu biyu. In ya hango eriya a kan rumfa, wato ana nuna ƙwallo, sai ya haɗa da girgiza ni. A rana ta biyar na tsaya na tuɓe hular.

"Injiniya, kana da baki. Ka yi magana mana."

"Iska ba ta bari ka ji. Sau uku na ce tsaya ka wuce."

"To ka ɗaga murya."

"Kafaɗar taka gwal ce? Ko Najeriya ce ke maka ciwo har yanzu?"

Ya yi gaskiya a batun iskar, shi ya ƙara ba ni haushi. Na fara ramawa ta inda zan iya. In ya taɓa ni sai in ƙara wuta in tsaya can gaba, ya dogara sanda ya dawo. In na ga rami ba na kauce masa sosai. Shi kuma ya ɗauka rowa ce ke damuna, ya shiga yi mini gori a kan ɗakunan da nake kamawa, wai ko a Bin Mahmud sauro bai kai haka ba. Muka koma mutum biyu a kan kujera ɗaya, kowa na jin nauyin ɗan'uwansa.

A rana ta goma sha ɗaya muna gabar gabas, ya ji labarin wani masaukin baƙi mai ƙaton allo, ya ce mu je ya tambaya ko za su bar shi ya ga wasan Ghana washegari. Mai gadin ƙofar ya dube shi: baƙin tabarau, sanda, ɗan tumbi. Ya dube ni: hular kwano, laka har gwiwa. Ya buɗe masa, ni kuma ya nuna mini wata bishiya inda 'yan acaɓan garin ke jiran fasinja, bodaboda suke ce musu. Na yi gadi, na san wannan kallon, cikin ƙiftawar ido ake raba mutane. Ban ga laifin mai gadin ba. Jira nake Injiniya ya ce tare muke. Sai ya gyara zaman tabarau, ya laluba aljihu ya ciro tsabar kuɗin ƙasar guda ɗaya, ya kamo hannuna ya danƙa mini, ya bugi kafaɗata sau biyu.

"Direba, jira ni a can. Kada ka ɗauki wani."

Ya shige yana ɗingishi da taƙama. Na tura babur ɗin gindin bishiyar. Ɗaya daga cikin 'yan bodabodan ya matsa mini a benci ba tare da ya ko dube ni ba, wani ya miƙo mini guntun rake. Babu wanda ya tambaye ni komai. Zaman nan na san shi, ƙafa ɗaya a kan taya, ido a kan ƙofa. Jikina ya koma cikinsa kamar jiya na bari. Na fi rabin awa a wurin, tsabar tana cikin tafin hannuna.

Ya fito yana dariya har da riƙe ciki. "Cale, abokina, da ka ga fuskarka! Wai sai wanda ya kama ɗaki. Yalla, direba, mu tafi." Na tayar muka tafi.

Washegari da la'asar muka samu gidan kallo a wani ƙauyen masunta, rumfar ganyen kwakwa da ɗan janareto a baya. Tun daga nesa ya hango, ya buga yatsunsa biyu. Na tsaya daidai ƙofar. Ya zare sandarsa ya shige, ko waiwaye bai yi ba, jakarsa tana ɗaure a kariya. Na san abin da ke ciki: fasfo ɗinsa, maganin ƙafarsa, cajar wayarsa. Layin ƙasar guda ɗaya muka saya, kuma a wayata yake. Na zauna a kan babur ɗin har na ji ihun farko daga cikin rumfar, sannan na tayar. Ba cikin fushi na yi ba, wannan ne ya fi muni. A natse na yi, yadda nake tashi daga cinikin da bai yi mini ba.

Ba zan yi ƙarya ba, tuƙin da na yi daga wannan la'asar zuwa hantsin washegari ban taɓa yin mai daɗinsa ba. Na nufi kudu, teku a hagu, itatuwan kwakwa a dama, babur ya yi sakayau har yana tsalle a kan tudu. In na ga dama in tsaya, in ban gani ba in wuce, babu wanda zai gaya mini. Na kwana a wani ƙauye da ban tambayi sunansa ba. Da safe na tarar teku ya janye har sai ka ƙura ido kafin ka hango shi, mata sun shiga can ciki da zannuwansu suna tsinkar wata ciyawar ruwa da suke nomawa a jikin igiya. Na sauka kan yashin mai tauri na buɗe wuta, na yi ta tafiya ina ihu ni kaɗai kamar wanda aka sako. Shekara bakwai na yi a kan babur a Kano ban san haka abin yake ba.

Da na tsaya zan ciro tawul, na ɗaga jakarsa, sai na ji ƙwayoyin maganin suna kaɗawa a cikin roba. Zan so in ce tausayi ne ya juyo da ni. Shagon ne ya fara faɗo mini. Tausayin a hanya ya tarar da ni.

Na iso ƙauyen da azahar. Yana zaune gindin mangwaro kusa da masallaci, ƙafar a miƙe, ya baje kafiretan babur ɗin wani a kan buhu, mai babur ɗin da wani dattijo suna tsugune suna kallo. Daga baya na ji a masallacin ya kwana, ladan ne ya kawo masa shayi da burodi. Ya ɗago ya dube ni.

"Mun ci," ya ce.

"Na ji."

"Ba ni jakata."

Ya ciro ƙwaya biyu ya haɗiye babu ruwa. Ya koma kan aikinsa, ya ɗauki awa guda cur yana hura 'yan ramukan nan da baki, ni ina tsaye a rana. Da babur ɗin ya tashi mai shi ya miƙo kuɗi, ya girgiza kai. Ya yi sallama da dattijon hannu biyu, sannan ya zo ya hau bayana. Ya kai hannuwansa baya ya kama ƙarfen kariya.

Saura kwana ashirin. Tikitinmu ba ya canzuwa, ɗaki kuma babu a Doha, dole muka ci gaba. A kwana ashirin ɗin nan bai ƙara taɓa ni ba ko da kuskure. Yakan zauna can baya, ya bar tazarar da za a iya sa jaka a tsakaninmu, nauyin ya koma kan tayar baya, kan babur ɗin ya riƙa rawa a kwana. Mun wuce masu kwakwa, mun wuce kwale-kwale, mun wuce eriya, shiru. Ni na koma mai tsayawa da kaina in ce ko zai ɗauki hoto, ya ce a'a, an gode. Ranar da aka fitar da Ghana ya shiga gidan kallo da jakarsa a bayansa, ya fito ya hau. Na tanadi maganganu tun daga Doha don wannan ranar, ko ɗaya ban iya faɗa ba.

Wata rana mun yi doguwar tafiya a hanyar burji, na tsaya shan mai, sai na ga ƙafar ta kumbura har igiyar takalmin ta nutse a ciki.

"Haba, Injiniya! Me ya hana ka ce in tsaya?"

"Direba ya fi sanin hanya."

"Ka bar wannan maganar, don Allah."

"Wace maganar? Ni ban ce komai ba, Alaji. Ba haka kake so ba?"

A ranar ƙarshe muka mayar wa dillalin babur ɗinsa, ya zagaya shi ya karɓa babu gardama. Bayan la'asar muka zauna a kan katangar bakin teku a birnin, jakunkunan a ƙafafunmu. Na ga in muka hau jirgi a haka shagon ya tafi, don haka na yi abin da nake yi in ciniki zai kuɓuce: na fito da abin da na ɓoye. Na gaya masa komai, Kano, shekara bakwai, yatsu biyu, alkawarin da na yi wa kaina, bencin 'yan bodaboda. Na ɗauka zai sauko. Ya saurara har na gama.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Acaɓa." Ya jinjina kai. "Wata uku ka goya ni zuwa banɗaki, hannuna biyu a wuyanka, ba ka ce komai ba."

"Wannan daban ne."

"Daban ne mana, babu mai kallo." Ya juya sandar a hannunsa. "Alaji, shekara huɗu ina hawa bene da shinkafar mutane. Wani ko ƙofa ba zai buɗe ba, ta waya zai ce ajiye a ƙasa ka tafi. A wannan aikin na bar ƙafata. Duk masu sayen madubi a hannunka aikin da suke yi ke nan. Ashe duk shekarun nan kana kallon mu kana gode wa Allah da ya raba ka da zama irinmu."

"Ban taɓa cewa haka ba."

"Ba ka faɗa ba. Ka dai bar gurgu a ƙauyen da bai san kowa ba, ba fasfo ba magani, don an ɗauka kai irinmu ne. Da ka gaya mini tun a Bin Mahmud, da ƙarfe na kama tun ranar farko. Na yi wasa, wasan banza, na yarda. Kai kuwa ba wasa ka yi ba. Ka zauna ka jira har aka fara ƙwallo."

Ban san ya lura ba. Ya ce ta tsakanin ganyen rumfar yana hango ni.

Mun dawo Doha an fara sauke tutoci. Muka je bayan gari muka buɗe kwantenar. Ya shimfiɗa buhu ya ware kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki waɗanda ya saya da kansa kawai. Har wata sifana mai lamba goma da ta shekara biyar a aljihunsa, ya tuna tawa ce, ya ajiye mini a kan tankin wani babur. Na ce ya riƙe, ya ce a'a, an gode. Da na je wa kafil ni kaɗai ya tambaya ina na biyun, na fara bayani, ya ɗaga hannu ya ce khalas, wato shi ke nan, shagon mai saye babu mai gyara ba shago ba ne. Bai faɗi abin da ban sani ba.

Injiniya ya koma wajen Nu'aija, ya haɗa kai da wani mutumin Sudan. Masu kai abinci suka bi shi, don hannu suke bi, madubi ko'ina akwai. Na yi wata da watanni ina jiran ranar da wani zai tsaya a gabana ya ce ɗan acaɓa, nawa ne zuwa Sana'iyya. Ba ta zo ba. Bai gaya wa kowa ba, har dattijon nan ɗan Sakkwato da ya yi ta tambayar sa me ya raba mu. In mun haɗu a masallacin Juma'a mukan gaisa, ya tambayi ciniki in tambayi ƙafa.

Ga yadda lissafin tafiyar ya tashi. Na samu yini ɗaya da kwana ɗaya a kan babur babu kowa a bayana, da tsabar kuɗi guda da har yau take aljihun jakar goyon, ba ta sayen komai a nan. Na samu kafaɗata, babu mai taɓa ta. Na rasa shago, na rasa fiye da rabin masu saye, na rasa hannun da ya fi kowane hannu sanin inji a garin nan, da mutumin da ke jikin hannun. Yanzu ni nake kai wa wasu gyara in tsaya a layi. Na sayi babura da yawa da suka mutu a hannuna, na san faɗuwa in na gan ta. Wannan ita ce mafi girma da na yi a Doha, kuma babu wanda ya cuce ni a cikinta.